Tambaya a kan fim ɗin 127 Hours: da gaske ne abin ya faru haka?

Baban Sadiq ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya ni da ƙanena muka kalli wani fim na Amurka mai suna 127 Hours, wato sa'o'i 127, kuma tun da muka gama shi har zuwa lokacin da nake wannan rubutu abin bai bar raina ba. Ga waɗanda ba su gan shi ba, labarin wani saurayi ne mai sha'awar hawan duwatsu, wanda ya fita yawo shi kaɗai a wani daji mai kwazazzabai ba tare da ya gaya wa kowa inda ya nufa ba. Yana cikin sauka a wani matsattsen tsagi tsakanin duwatsu sai wani ƙaton dutse ya goce, ya danne masa hannun dama a jikin bangon tsagin. A nan ya tsaya kwana biyar, babu mai jin ihunsa, har daga ƙarshe ya yanke hannun da 'yar wuƙar aljihu ya fita.

Ƙanena ya tashi ya bar ɗakin a lokacin da aka zo wurin yankan. Ni kuwa wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda saurayin ya zazzage jakarsa, ya jera duk abin da ya mallaka a kan dutsen da ya danne shi, gorar ruwa da igiya da kyamara da agogo da wuƙar nan, yana binsu da kallo ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai fitar da shi. Akwai kuma inda wuƙar ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa, ga shi ba ya iya sunkuyawa, sai da ya cire takalmi ya yi ta lalube da yatsun ƙafa kafin ya ɗauko ta. Na tsinci kaina ina riƙe numfashi kamar ni ne a wurin.

An rubuta cewa labarin gaskiya ne, amma mun saba ganin masu fim suna faɗin haka alhali rabin abin da suka nuna ƙari ne. Shi ya sa nake roƙon wanda ya san asalin labarin ya bayyana mana inda gaskiya ta tsaya da inda ƙari ya fara. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, idan har yana da ƙarfin zuciyar yanke hannunsa, me ya sa ya jira kwana biyar, sai da ruwansa ya ƙare jikinsa ya yi laushi? Kuma ta yaya mutum zai yanke hannunsa a daji, ba likita ba magani, jini bai ƙare masa ba? Ni da ƙanena ma mun yi saɓani a kan mutumin kansa, domin shi yana ganin gwarzo ne, ni kuma wani sashe na zuciyata yana gaya mini cewa ganganci ne ya kai shi. Ina son jin ra'ayinku.

Makaranci ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Sadiq. Na kalli fim ɗin, na kuma karanta littafin da mutumin ya rubuta da kansa, Between a Rock and a Hard Place, wanda ya fito a 2004 kuma daga cikinsa aka ciro fim ɗin. Zan iya ce maka wannan yana cikin finafinan da suka fi tsayawa a kan gaskiyar abin da ya faru.

Sunan mutumin Aron Ralston, an haife shi a watan Oktoba na 1975. Injiniya ne, ya yi karatu a jami'ar Carnegie Mellon, ya yi aiki da kamfanin Intel, sannan a 2002 ya ajiye aikin ya koma garin Aspen na jihar Kolorado ta Amurka domin ya ba hawan duwatsu lokacinsa. Abin ya same shi ranar Asabar, 26 ga Afrilu, 2003, yana da shekara 27, a wani kwazazzabo da ake kira Bluejohn a kudu maso gabashin jihar Yuta, kusa da gandun dajin Canyonlands. Irin waɗannan kwazazzabai ruwa ne ya sassaƙe su a cikin dutsen yashi a tsawon zamani, suna da zurfi ƙwarai amma a wasu wurare faɗinsu bai wuce mutum ya taɓa bango biyu da hannuwansa ba, kuma ambaliya takan gangaro da manyan duwatsu su maƙale a tsakani. Ɗaya daga cikin irin waɗannan duwatsu ne, mai nauyin kusan kilo 360, ya motsa a lokacin da yake saukowa ta kansa. Ya ajiye motarsa a nesa, ya hau keke ya yi tafiya mai tsawo, sannan ya ci gaba da ƙafa, don haka ko da wani ya ga motar ba zai san ta wane ɓangare ya shiga ba. Shirin yini ɗaya ya yi: riga mai gajeren hannu da gajeren wando, ɗan guzuri, da ruwan da bai kai lita ɗaya ba a lokacin da dutsen ya kama shi.

A kan tambayarka ta jiran kwana biyar, gaskiyar magana ita ce bai zauna jira ba. Tun daren farko ya fara sassaƙar dutsen da wuƙar, abin da ya ƙara dakusar da ita, daga baya kuma ya gane cewa hannunsa ne ke tallafe da dutsen, duk abin da ya sassaƙe sai dutsen ya ƙara zama. Ya haɗa igiyoyinsa da ƙarafan hawa ya yi dabarar ɗaga nauyi irin ta injiniyoyi, dutsen ko gezau. Tunanin yanke hannun ma ya zo masa tun da wuri, har ya gwada, ya soka wuƙar ya ji ta tsaya a kan ƙashi. A nan ne ya yanke ƙauna, domin wuƙar ba ta kirki ba ce, irin mai araha ce da ake haɗawa da filaya, kuma ya tabbata ba za ta taɓa yanka ƙashi ba. Saboda haka ƙashi ne ya tsare shi kwana biyar, zuciyar kuwa yana da ita tun farko.

Da hantsin ranar Alhamis, 1 ga Mayu, ya soki babban yatsan hannun da ya maƙale sai ya ji iska tana fita, alamar naman ya fara ruɓewa. Hankalinsa ya tashi, ya shiga fizgar jikinsa da ƙarfi, sai ya ji hannun ya lanƙwasa ta wata fuska da bai saba ba. A wannan lokacin ne dabara ta faɗo masa, cewa ba sai ya yanka ƙashin ba, zai iya amfani da nauyin jikinsa da riƙon da dutsen ya yi masa ya karya shi. Ya karya ƙasusuwan biyu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure hannun, sannan ya yanka nama da wuƙar, ya yi amfani da filayar a kan jijiyoyi masu tauri. Aikin ya ɗauke shi kusan awa ɗaya, ko da yake a fim 'yan mintuna aka nuna.

Fitar hannun ba ita ce ƙarshen wahalar ba. Sai da ya ratsa sauran tsagin, ya sauka ta igiya daga wani bango mai tsawon kusan mita 20 da hannu ɗaya, ya sha wani gurɓataccen ruwa da ya kwanta a ƙasa, sannan ya taka kusan kilomita 10 a cikin rana yana zubar da jini. A hanya ya haɗu da wasu 'yan yawon buɗe ido daga ƙasar Holan, miji da mata da ɗansu, suka ba shi ruwa da biskit, matar da yaron suka ruga gaba neman taimako. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi kamar awa huɗu bayan yankan, aka kai shi asibiti a garin Moab.

Babban ƙarin da masu fim suka yi yana farkon labari. Gaskiya ne ya haɗu da 'yan mata biyu a hanya sun yi tafiya tare na ɗan lokaci kafin su rabu, amma wurin nan da suke faɗawa cikin wani ɓoyayyen tafki mai shuɗin ruwa ƙirƙira ce, shi da kansa ya faɗi haka. Ambaliyar da ta ɗaga dutsen kuwa, ai fim ɗin ma ya nuna cewa mafarki ne. Saƙonnin bankwana da yake ɗauka a kyamara gaskiya ne, kuma an ba darakta da James Franco, wanda ya fito a matsayinsa, damar kallon ainihin faifan kafin su fara aiki.

Maman Ilham ta rubuta:

Salamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen da ake karɓar waɗanda suka yi hatsari, don haka zan taɓa ɓangaren tambayar da ya shafi jiki.

Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ƙashi biyu ne a jere, kuma ko a ɗakin tiyata da zarto na musamman ake yanka su, saboda haka abin da Malam Makaranci ya faɗa game da wuƙar daidai ne. Abin da ya hana jini ƙare masa kuwa shi ne ɗaurin da ya yi kafin ya kai ga manyan jijiyoyin jini. Ya ɗaure hannun a sama da wurin yankan, ya zura ƙarfe a cikin ɗaurin ya murɗa har ya matse. Wannan murɗawar ita ce sirrin abin. Sau da yawa ana kawo mana wanda babur ya kayar, an naɗe masa ƙafa da ɗankwali ko rawani sako-sako, jini yana ta ɗiga ta ƙasan ƙyallen har ya jiƙe kujerar motar da aka kawo shi. Sassauƙan ɗauri yakan toshe jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya ya bar waɗanda ke kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru maimakon ta ragu. Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa da ƙarfi ta kasa tsayar da shi, a sami ƙyalle mai faɗi a ɗaure sama da raunin, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaura a gaya wa ma'aikatan asibiti, kada kuma a kwance a hanya.

Duk da ɗaurin, an ce ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa, kuma jikin babban mutum yana ɗauke da jini kamar lita biyar ne. Wanda ya rasa wannan adadi, a kan ƙishirwar kwanaki, yana dab da faɗuwa. Nauyinsa ma ya ragu da kusan kilo 18. Abin da ya taimake shi ya kai kwana biyar shi ne yana cikin inuwa, rana ba ta dukansa sai ɗan lokaci kaɗan a yini, ga shi matashi mai ƙarfin jiki. Da a fili yake cikin zafin rana da wannan ɗan ruwan, da wuya ya wuce kwana uku. Amma inuwar nan ita ce kuma ta zame masa azaba da dare, domin sanyin hamada yana da tsanani, kun ga yadda yake naɗe ƙafafunsa da igiya yana cusa kansa cikin jaka.

Akwai abu biyu da nake so masu kallo su yi hattara da su. Fim ɗin ya nuna yana shan fitsarinsa bayan ruwa ya ƙare, kuma haka ya yi a gaske, amma wannan ba magani ba ne, domin fitsarin mai ƙishirwa cike yake da gishiri da dattin da ƙoda ta tace, mayar da shi ciki ƙara wa ƙoda aiki ne. Na biyun ya fi muhimmanci a wurina, saboda yana faruwa idan gini ya rufta ko mota ta danne mutum. Gaɓar da nauyi ya danne na sa'o'i da yawa, tsokarta takan mutu ta tara guba, idan aka ɗaga nauyin farat ɗaya sai gubar ta kwarara cikin jini ta bugi zuciya ko ta lalata ƙoda. Shi ya sa ma'aikatan ceto suke fara sa wa mutum ruwa ta jijiya kafin su ɗaga abin da ya daɗe a kansa. Wanda abu ya danne yanzu-yanzu a gaggauta cire shi, wanda ya kwana a ƙarƙashi kuwa a yi ƙoƙari ma'aikatan lafiya su kasance a wurin.

Wurin da ya fi mini wuyar kallo shi ne inda ya taɓa farar jijiyar nan mai kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Na taɓa riƙe hannun mutumin da aka taɓa masa irinta alhali allurar kashe zafi ba ta gama kama shi ba, kuma har yau ban manta yadda ya damƙe ni ba.

Abu Maryam ya rubuta:

Sista Maman Ilham, Allah ya saka da alheri, kin amfanar da mu. Ni ina tare da sashen zuciyar Baban Sadiq da ke cewa ganganci ne. Ba na musun juriyarsa, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma faɗowar dutse ita ce tsautsayin, kwana biyar ba tare da an san inda za a neme shi ba kuwa shi ya jawo wa kansa. Da ya bar 'yar takarda ko ya buga waya ɗaya, da an fara nemansa tun ranar Lahadi. Mahaifiyarsa ma fim ɗin ya nuna tana kira yana jin wayar bai ɗauka ba.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. A cikin littafin nasa ya ba da labarin yadda, kamar wata biyu kafin wannan, ya ja abokansa biyu suka bi ta wani gangare mai hatsari a Kolorado, dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne su, da ƙyar suka tsira, abokan kuma suka yanke hulɗa da shi. Mutumin da aka yi wa irin wannan gargaɗi, sannan ya sake fita shi kaɗai a ɓoye, ban ga yadda za a ɗora shi a gaban matasa a ce ga abin koyi ba.

Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da babu matafiyin da zai yi tafiyar dare shi kaɗai. Kuma ina kallon fim ɗin hadisin mutum ukun nan da dutse ya toshe wa bakin kogo yana ta zuwa mini, waɗanda kowannensu ya roƙi Allah da wani aiki na ƙwarai da ya taɓa yi, dutsen yana matsawa kaɗan-kaɗan har suka fita. Na farkonsu da biyayyar iyaye ya yi tawassuli. Abin da ya taɓa ni a fim ɗin shi ne shi ma wannan saurayi, da ya ga mutuwa ido da ido, iyayensa ya juya yana neman afuwarsu a kyamara, yana nadamar kiran da bai amsa ba.

Ɗan Kallo ya rubuta:

Malam Abu Maryam, ina girmama maganarka, kuma ban ƙi ta ba, sai dai ina ganin fim ɗin da kansa yana gefenka, bai ɓoye laifin mutumin ba. Ka tuna wurin da ya mayar da kyamararsa kamar shirin talabijin na safe, yana yi wa kansa tambayoyi yana amsawa, har ya kai ga tambayar ko ya gaya wa wani inda za shi. Fuskarsa ta sauya gaba ɗaya a wurin. A ganina wannan ne tsakiyar fim ɗin, ya fi wurin yankan nauyi. A ƙarshe ma an rubuta cewa yanzu ba ya fita sai ya bar bayanin inda ya nufa.

Akwai kuma abin da fim ɗin bai nuna sosai ba, wanda yake ƙarfafa maganarka. Jirgin da ya ɗauke shi ba wucewa yake yi ba, nemansa ya fito. Da bai je aiki ba a shagon kayan hawan dutse da yake aiki a Aspen, abokan aikinsa suka sanar da iyayensa, mahaifiyarsa ta yi ta fama har ta buɗe akwatin saƙonninsa na intanet tana neman alamar inda ya tafi, aka yi ta bugun waya ga hukumomi har aka gano motarsa a safiyar Alhamis ɗin. Shi da kansa ya ce da ya yanke hannun tun kafin wannan lokacin, da jini ya ƙare masa a hanya babu mai ganinsa, da kuma bai yanke ba da gawarsa za a tarar. Fitowarsa da isowar masu nema sun haɗu a cikin 'yan sa'o'i. Mu dai abin da za mu ce shi ne yana da sauran shan ruwa a duniya.

Ta fuskar sana'a kuwa, aikin ya cancanci yabo. Danny Boyle ne ya ba da umarni, shi da Simon Beaufoy suka rubuta, fim ɗin ya fito a 2010. Su ne suka yi Slumdog Millionaire a 2008, kuma a nan ma A. R. Rahman ne ya yi kiɗan, wanda duk mai kallon finafinan Indiya ya san hannunsa. Ka duba wahalar da ke cikin riƙe mai kallo kusan awa ɗaya da rabi da mutum ɗaya wanda ko taku ɗaya ba ya iya yi. Sai suka sa kyamara ta yi motsin da shi ya kasa: ta shiga cikin gorar ruwa ana ganin ruwan yana raguwa, ta tashi sama daga bakinsa yana ihu har tsagin ya zama ɗan siririn layi a cikin hamada, a raba allo gida uku idan tunaninsa ya rarrabu. Hankakan da ke wucewa ta samansa kowace safiya da 'yar ranar da yake miƙa ƙafa ya tara, su suka zame masa agogo, mu ma suka zame mana. An ɗauki wani sashe a ainihin kwazazzabon, sauran kuma a wani kwafinsa da aka gina a birnin Salt Lake. An zaɓi fim ɗin a rukuni shida na kyautar Oscar, har da na fim mafi kyau da na jarumi, ko da yake bai ci ko ɗaya ba. A bukukuwan finafinan da aka fara nuna shi an sami waɗanda suka suma a wurin yankan, don haka ƙanen Baban Sadiq ba shi kaɗai ba ne.

Wanda wannan ya burge shi ya nemi Touching the Void na Kevin Macdonald, wanda ya fito a 2003. Labarin Turawan Ingila biyu ne, Joe Simpson da Simon Yates, a kan dutsen Siula Grande na ƙasar Peru a 1985. Simpson ya karye a ƙafa suna saukowa, Yates yana zura shi da igiya har ya zarce bakin wani gangare ya rataye a iska, nauyinsa yana jan Yates zuwa halaka, sai Yates ya yanke igiyar. Simpson ya faɗa ramin ƙanƙara, bai mutu ba, ya yi kwana uku yana jan ciki har ya iso sansaninsu ana dab da tashi. A can tambayar ta fi nauyi, domin igiyar abokinsa mutum ya yanke, kuma Simpson bai daina kare Yates a kan abin da ya yi ba.

Baban Sadiq ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Bayanin ƙashin nan ya warware mini abin da ya fi damuna, domin da na ɗauka tsoro ne ya riƙe shi. Na karanta wa ƙanena duk amsoshin, har yanzu yana kan bakansa cewa gwarzo ne, ni kuma na fi karkata ga Malam Abu Maryam, amma yanzu na fi jin tausayin mahaifiyar fiye da kowa a labarin, ita da ta yi kwanaki tana neman ɗa a jihar da ba ta ma tabbatar yana cikinta ba. Sista, maganar murɗa ɗauri da sanda ban taɓa saninta ba sai yau.

Saura abu ɗaya, Malam Makaranci. Hannun da ya bari a ƙarƙashin dutsen, me ya faru da shi? Kuma shi mutumin ya daina hawan duwatsu bayan wannan?

Makaranci ya rubuta:

Bai daina ba. Tun kafin hatsarin yana da burin hawa duk duwatsun Kolorado da tsayinsu ya haura ƙafa 14,000, wato kusan mita 4,270, shi kaɗai kuma a lokacin hunturu, ya koma da hannun roba mai ƙarfen kama dutse ya kammala su a 2005, shi ne mutum na farko da ya yi hakan. Na san wannan zai ƙara wa Malam Abu Maryam hujja, kuma ni ma ban ga laifinsa ba idan ya faɗa.

Hannun kuwa hukumomin gandun dajin ne suka je ɗauko shi, kuma sai da mutum 13 suka haɗu da injin ja da jak kafin dutsen ya ɗaga. Wannan ya nuna cewa dabarar igiyar da ya yi ta fama da ita ba za ta taɓa yin aiki ba. An ƙone hannun bisa al'adarsu aka ba shi tokar, bayan wata shida kuma, a lokacin cikarsa shekara 28, ya koma wurin tare da 'yan jaridar talabijin ya watsa ta a cikin tsagin.

A darensa na ƙarshe a wurin, da ya tabbata ba zai ga safiya ba, ya sassaƙa sunansa a jikin bango da wuƙar, da watan haihuwarsa, Oktoba 1975, da watan da ya ɗauka na mutuwarsa ne, Afrilu 2003. A cikin daren ne ya ga wani ƙaramin yaro kamar a mafarki, ya ga kansa yana ɗaukarsa da hannu ɗaya, ya sa a ransa cewa ɗansa ne da ba a haifa ba tukuna. An haifi ɗansa na fari a 2010, shekarar da fim ɗin ya fito. Daren nan kuwa na 30 ga Afrilu ne, da gari ya waye masa an riga an shiga watan Mayu.